Ƙararrawa Mai Ido a Ƙofar Gidanmu

Tukunyar gas ce ta jawo komai. Ranar wata Talata aka cika ta, mai keke ya sauke ta a zaure, kafin matata ta idar da sallar la'asar ta fito ɗauka, an yi gaba da ita. Kafin wannan an ɗauke mini takalma ƙafa biyu a wuri ɗaya. Gidanmu a Ƙofar Ran yake, gidan gado ne, ana buɗe ƙofarsa da asuba, ba a rufewa sai an yi isha'i. Haka na tashi na tarar, haka kowane gida yake a layinmu. Namiji ya tsaya a waje ya yi sallama, mace ta shige kai tsaye, sai ta kai tsakar gida take ɗaga murya.

Ni dilan hatsi ne a Kasuwar Muda Lawal. Da dako na fara, buhu a wuya, har Allah ya ba ni shagona. Ban yi boko mai nisa ba, amma in mutum zai cuce ni nakan gane tun daga yadda ya tsoma hannu cikin buhu. Shi ya sa satar nan ta ci mini rai fiye da darajar tukunyar. A kasuwa babu mai iya raina mini wayo, a ƙofar gidana kuma wani ya mayar da ni sakarai.

A gidan wani abokin cinikina na fara ganin abin. Kirista ne daga kudancin jiha, yana sayen masara a wajena saboda kajinsa, ya gina gida a sabuwar unguwa ta hanyar Inkil. Na je ban same shi ba, na ga wani ɗan baƙin abu kamar sabulu manne a jikin get, na danna. Sai na ji muryarsa daga ciki.

"Alhaji, ina ganinka. Gyara hular nan, ta karkace."

Yana gona a lokacin. Na tsaya ina waige-waige kamar baƙauye, shi kuwa yana ta dariya ta cikin bango. A ranar na karɓi lambar mutumin da ya haɗa masa.

Mai haɗawar magidanci ne, mai saurin baki, komai ka tambaye shi sai ya ce ba matsala. Ya zo ranar Asabar da kwali da injin huda bango. Matsalar farko bangon ce: ƙasa ce aka shafe da siminti, yana hudawa tana zubowa, sai da ya nemo katako ya kafa, ya ɗora ƙararrawar a kai. Ta biyu kuma ya ce sai da akwatin intanet a cikin gida, bai faɗa mini wannan ba sai da ya gama huda. Aka sayo akwatin, aka ajiye a falona, sabis ya ƙi ratsa kaurin bangon zaure. Muka yi ta yawo da akwati daga taga zuwa taga, shi yana waje yana ihu, "Ya kawo? Bai kawo ba?" Daga ƙarshe a saman ƙofar tsakar gida muka rataye shi da igiya. Ya karɓi wayata ya zuba manhajar, duk da Turanci, yana danne-danne da sauri ban san me yake amsawa ba.

Na tambaye shi tambaya ɗaya, kuma har yau ina tuna yadda na yi ta. Na ce, "Yaushe take ɗaukar hoto?"

Ya ce, "In an danna, Alhaji. Ba matsala. Na sa maka komai."

Mahaifiyata tana zaune a gidan, ɗakinta ne na farko in ka fito daga zaure. Inna muke ce mata. Ta fito da sandarta ta tsaya tana kallon abin.

"Wannan kuma mene ne, kamar idon kifi?"

"Ƙararrawa ce, Inna. Baƙo ya danna, in gan shi daga kasuwa."

"Masu sallama bakinsu ya mutu ne?"

Mai haɗawar ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ba ta yi ba, ta juya ta koma ɗaki.

Gaskiyarta ce ta wannan fannin. A mako uku babu wanda ya danna abin nan sai ni da mai haɗawar. Dattijo zai zo ya tsaya a gabanta, hancinsa kusan yana taɓa ta, ya rafka sallama kamar yadda ya saba. Amma wayata ba ta huta ba. Ina awo ta yi ƙara, in duba, akuya ce. Ina ciniki da mai mota ta yi ƙara, mai ruwa ne ya turo kurarsa. Keke ya wuce, ta yi ƙara. Na kira mutumin na ce masa ka ce sai an danna.

"A'a, Alhaji, tana ganin motsi ma. Duk wanda ya gifta sai ta ɗauke shi ta ajiye. In kana so in zo in kashe wannan."

Na zage shi a raina, don ba haka ya gaya mini ba. Sannan na yi tunani irin na ɗan kasuwa, na ce ɓarawo ai ba ya danna ƙararrawa. Na ce ya bar shi. Wannan shawarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Kuma ban koma na gaya wa Inna cewa abin ya wuce yadda na faɗa mata ba.

Akwai wani abu da na sani game da gidanmu wanda ban taɓa furtawa ba. Buhun masarar da nake kaiwa gida yana ƙarewa da wuri fiye da yadda bakinmu zai iya ci. Ni mai awo ne, ba a ɓoye mini wannan. Tsakanin azahar da la'asar mata sukan shigo gaida Inna, tsofaffi da matan aure na unguwa, su ɗan zauna su fita. Na san ba duka ne gaisuwa kaɗai ke kawo su ba. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. In buhu ya yi ƙasa in aiko da wani, shi ke nan. Ban san ko su wane ne ba, ban kuma nemi sani ba, har na kafa abin nan.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, bayan azahar, kasuwa ta ɗan lafa. Muna zaune a bencin ƙofar shagona mu biyar. A cikinmu akwai maƙwabcina, gidansa na uku daga namu. Ya girme ni da kusan shekara goma. Tela ne a da, na kirki, har idonsa ya yi rauni ya ajiye keken ɗinki, ya dawo kasuwa yana ɗan dillanci, ranar samu da ranar rashi. Ba za ka taɓa ganinsa da riga mara guga ba. Ba ya roƙo, ko shayi ka saya masa sai ya ce yanzu ya sha.

Wayata ta yi ƙara. Wani mai sayar da wake a gefen shagona, mutum mai yawan surutu, ya ce, "Alhaji, yau dai sai ka nuna mana idon nan naka. Kullum ƙit-ƙit, ko aljani ka ajiye a gida?"

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na buɗe na miƙa masa wayar, suka haɗa kai a kanta. Ban ma duba me ta ɗauka ba.

Mace ce ta fito daga zaurenmu da dogon hijabi, tana riƙe da wani abu mai nauyi a ƙarƙashinsa. Daidai bakin ƙofa ledar ta fashe, masara ta watse a ƙasa. Ta durƙusa da sauri tana tattarawa da hannu biyu tana zubawa a gefen zanenta, tana duba hagu da dama. Sannan ta ɗago kai, fuskarta ta cika wayar. Abin yana ɗaukar murya kuma. Muka ji Inna daga cikin zaure tana cewa, "Bar sauran, zan sa a share. Bi ta lungu, kada kowa ya gan ki."

Mai wake ya buga cinya ya ce, "Kai! Alhaji, ka kama ɓarauniyarka!"

Bai rufe baki ba ya gane ta. Duk muka gane ta. Matar maƙwabcina ce.

Maƙwabcina yana nan a tsakaninmu. Idonsa ba shi da ƙarfi, na yi fatan bai gani ba, amma wayar tana kusa da fuskarsa fiye da ta kowa, kuma muryar Inna ba ta ɓuya. Ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Sai an jima," ya tafi. Na fizge wayata daga hannun mai wake, na ce masa bakinsa ya fi buhunsa faɗi. Ya ce, "Ni na ce a ɗauki matan mutane?" Da ba a shiga tsakani ba da mun ba hammata iska a gaban kwastomomi.

Ban tafi gida nan take ba. Na ce bari maƙwabcina ya huce, gobe in same shi. Wajen ƙarfe biyar wayar ta sake ƙara. Shi ne a ƙofar gidana, riƙe da kwano cike da masara. Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya matso har fuskarsa ta cika wayar, ya yi magana a nutse kamar mai karanta wasiƙa.

"Alhaji, ga masararka. Har da wadda ta zube na biya. Ka nuna musu wannan ma."

Na rufe shago na hau keke. Ina isa na tarar da kwanon a inda ya ajiye shi, babu wanda ya taɓa. Matata tana tsaye a ƙofar kicin ta ƙi haɗa ido da ni. Inna tana zaune a bakin gadonta, jakarta a ɗaure a gefe, ta riga ta yafa mayafi.

"Inna, ina za ki?"

"Gidan ƙanwarka. Ta turo mota."

"Saboda me? Kuskure ne, ban san abin da ke ciki ba."

"Ka ce mini ƙararrawa ce."

"Ƙararrawa ce mana."

"Ƙararrawa ce take kai matan unguwa kasuwa?" Ta buga sandarta a ƙasa. "Shekara arba'in na yi da ubanka a gidan nan, bai taɓa tambayata wa ya shigo wa ya fita ba. Yana zaune a zaure mace za ta wuce da ƙullinta, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Kai ka fi shi wayo."

Na ce mata sata ake mana, ni ne nake asara, kuma masarar ma ai tawa ce. Wannan maganar ta ƙarshe da na sani ban faɗe ta ba.

"Taka ce. To bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekarar da ubanka ya kwanta ciwo, kana ɗan shekara bakwai, ni ce nake shiga gidan can da hannu wofi in fito da ƙulli. Uwar wannan mutumin da ka tozarta yau ita take auna mini. Tuwon da ka ci ka yi ƙarfin ɗaukar buhu ke nan. Har ta mutu ɗanta bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Haka ake yi."

Motar ta zo ta tafi da ita Inkil. Ban iya hana ta ba, ban kuma iya raka ta ba.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne cikin faɗa da kowa. Na yi wa matata faɗa don ba ta gaya mini su wa ke zuwa ba, ta ce, "Da na gaya maka da me ya bambanta ni da abin naka?" Na ƙi gaisawa da mai wake. Na je shagon mai haɗawar na same shi yana cin abinci, na ajiye wayar a kan teburinsa na ce ya cuce ni, na tambaye shi yaushe take ɗauka ya yi mini ƙarya.

Ya goge hannu ya ce, "Alhaji, na ce in zo in kashe, ka ce in bari. Kuma ni kyamara na kafa maka, ban ce ka kai ta majalisa ba."

Maganar tasa ta ƙara tunzura ni. Na ce ya goge duk abin da ta taɓa ɗauka a gabana. Yana gogewa ina ganinsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya: matar wani ladan, wata tsohuwa da nake gaisarwa tun ina yaro, matar wani da kullum yake cika baki a masallaci cewa shi ba ya cin na kowa. Na kawar da kai, amma na riga na gani. Har yau in na haɗu da mazajensu sai in ji kamar na leƙa musu ɗaki. Wannan ma yana ba ni haushi, don sani ne da ban nema ba kuma ba ya gogewa.

A ranar na cire ƙararrawar da hannuna. Sukurudireba ta ƙi kama kan ƙusar, na sa guduma na ɓalle ta har da katakon. Mutane suna wucewa suna kallo, babu wanda ya ce sannu.

Sannan na je wajen maƙwabcina. Na yi sallama, ya fito, ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, iyali, kasuwa, gajiya. Na fara bayani. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ba komai, Alhaji."

"Wallahi ban duba ba kafin in miƙa."

"Ba komai. Allah ya bar zumunci."

Na gwammace ya zage ni. Da ya zage ni da na san inda zan kama. Na ce masa akwai wani ciniki na dawa da nake so ya shiga tsakani, ya ce ƙafarsa tana damunsa kwanan nan. Tun daga ranar ya koma zama a can ƙarshen layin 'yan shinkafa. Na ji daga matata cewa matarsa ba ta ƙara leƙa ƙofar gida ba, ko bikin suna ba ta zuwa, don labarin ya riga ya zaga, kuma a yadda ya zaga ba a ce Inna ce ta ba ta ba. An ce an kama ta a waya. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Na tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar na ce duk wanda ya ƙara kiran matar nan ɓarauniya ni da shi ne. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Kai, rufe bakinka. Yanzu waɗanda ba su ji ba ma ka gaya musu."

Na je Inkil sau huɗu. Gidan ƙanwata sabon gini ne, katanga doguwa, get a rufe, babu mai shigowa. Inna tana zama ita kaɗai a falo daga safe har ƙanwata ta dawo daga aiki, talabijin na yi ba ta kallo. Ta rame. Zuwa na farko ta amsa gaisuwata kawai. Na biyu na ce mata na cire ƙararrawar, ta ce ta ji. Na uku na ɗaga murya, na ce ni ɗanta ne ba maƙiyinta ba, har yaushe za a hukunta ni a kan tukunyar gas. Ƙanwata ta ce in fita in zan yi wa uwarmu ihu a gidanta. Na fita.

A zuwa na huɗu na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Can ta ce, "Ƙafata ta kumbura a gidan nan, babu inda nake takawa. Jibi ka turo mota." Na ce to. Ta ce, "Kuma buhun da kake kawowa, daga ranar da ya shiga ɗakina ba naka ba ne." Na ce to.

Ta dawo ranar Lahadi, ba na zuwa kasuwa da wuri ranar. Bayan azahar ta sa aka share ɗakinta, aka shimfiɗa tabarma biyu, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Ina falona ina jin duk motsin zaure. Mai ruwa ya shigo ya fita. Babu mace ko ɗaya da ta shigo. Da aka kusa kiran la'asar na ji ta ce wa matata ta auna mudu biyu ta ƙulle a tsumma, kada a leda. Ta ɗauka da kanta a ƙarƙashin mayafi, sanda a ɗaya hannun. Na fito na ce a bari matata ta kai.

"Koma ciki."

Na koma, amma na tsaya a zaure inda nake iya jin layin. Gidan maƙwabcina ta nufa, gida uku ne, ta daɗe kafin ta kai. Na ji sallamarta, muryar tsohuwa tana rawa. Shiru. Ta sake. Ta yi ta uku. Na leƙa, ƙofar gidan da ban taɓa gani a rufe da rana ba, a rufe take. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu tana tsaye a rana da ƙulli, a ƙofar mutanen da take ganin suna bin ta alheri, kuma ni na jawo.

Ta dawo tana haki, ta miƙa wa matata ƙullin ta ce a ajiye kada a kwance.

Na ce, "Inna, wannan wulaƙanci ne. Bari in je in same shi, ya buɗe ko ya gaya mini dalili."

Ta zauna a bakin gado tana murza gwiwarta.

"Ba inda za ka. Matarsa tana bayan ƙofar, na ji numfashinta. Gobe zan koma."

"In goben ma ba ta buɗe ba fa?"

"Sai jibi. Kai dai ka tafi kasuwarka, ka bar mini unguwata."